Wata goma sha uku a hannun likitocin haihuwa

9 ga Janairu

Yau muka je ganin likitar haihuwa tare a karon farko, ni da maiɗakina, bayan shekara uku da wata huɗu da aure ba tare da ta taɓa ko ɓatan wata ba. Na yanke shawarar rubuta duk abin da zai wakana daga yau, domin na lura a baya idan ta dawo daga asibiti na tambaye ta abin da aka ce, sai ta ba ni rabin bayani, ni kuma in riƙe rabin wannan rabin, bayan mako biyu kuwa babu mai iya tuna ko sunan maganin da aka rubuta. Akwai kuma laifina da ya kamata in fara da shi: a cikin waɗannan shekaru sau huɗu tana zuwa asibiti ita kaɗai, ana ɗibar jininta ana yi mata hoto, ni kuwa ban taɓa kawo wa raina cewa akwai abin dubawa a jikina ba.

Likitar ta karɓi takardun da muka kawo, ta duba su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗago kai ta ce, "Malam, ina sakamakon naka gwajin?" Na ce ban taɓa yi ba. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai bayyana cewa a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri akan tarar namiji yana da hannu a matsalar, ko shi kaɗai ko tare da matar, kuma gwajinsa ya fi kowane sauƙi da sauri, saboda haka da shi ya dace a fara. Ta ce a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, idan an yi wata 12 ana saduwa a kai a kai babu tsarin iyali kuma babu ciki, to lokacin bincike ya yi, ta ƙara da cewa idan mace ta haura shekara 35 likitoci ba sa jiran fiye da wata 6. Rahoton da hukumar ta fitar a 2023 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin shida yakan fuskanci wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsa. Maiɗakina tana da shekara 31, ni ina da 36.

Tambayoyin da aka yi mini sun fi waɗanda na zata yawa: ko na taɓa yin hangum bayan na balaga, ko an taɓa yi mini tiyatar gwaiwa, ko na taɓa buguwa a maraina, ko ina shan taba, ko ina amfani da wani maganin ƙarin ƙarfi. Ita kuma aka tambaye ta tsawon kwanakin da ke tsakanin al'adarta, ta ce wani lokaci 35, wani lokaci har 50. An rubuta mata ƙwayar folik asid, maikirogiram 400 kullum, wadda ake so mace ta fara tun kafin ciki ya shiga domin kare lakar jariri.

16 ga Janairu

Na ba da maniyyi a ɗakin gwaje-gwaje. Sharaɗin shi ne a ƙaurace wa iyali na kwana 2 zuwa 7 kafin ranar, ni na yi uku. Wani matashi ya miƙo mini ƙaramin mazubin roba mai murfi da sunana a jiki, ya nuna mini wani ɗaki a ƙarshen baranda, ya ce idan wani abu ya zube in gaya masa gaskiya, domin kason farko shi ya fi ɗauke da ƙwayoyin haihuwa. Ɗakin babu komai sai kujera da wurin wanke hannu, kuma ina jin takun mutane suna wucewa ta bakin ƙofa. Na shafe kusan rabin awa a ciki, na fito ina sunkuyar da kai kamar wanda ya yi sata, alhali matashin ko kallona bai yi ba, agogo kawai ya duba ya rubuta lokaci, saboda dole a fara aunawa cikin awa ɗaya. A hanyar komawa na riƙa tuna cewa abin da na shekara uku ina gudu ke nan.

19 ga Janairu

Sakamako ya fito, kuma bai yi kyau ba. Yawan ruwan ya kai mililita 2.1, wannan babu laifi, amma ƙwayoyin haihuwa miliyan 9 ne a kowace mililita, alhali ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya sanya miliyan 16 a matsayin iyakar ƙasa. Masu tafiya gaba kashi 22 ne cikin ɗari maimakon 30, masu cikakkiyar siffa kuma kashi 3 maimakon 4. Wannan adadi na ƙarshe ya ba ni mamaki, domin ban san cewa ko a jikin lafiyayyen namiji mafi yawan ƙwayoyin suna da wata tawaya a kai ko a jela ba.

Likitar ta ja hankalina da kada in ɗauki takarda ɗaya a matsayin hukunci. Jiki yana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ya kammala ƙirar ƙwayar maniyyi, don haka zazzaɓi mai zafi da mutum ya yi wata biyu baya yana iya bayyana a gwajin yau, shi ya sa za a maimaita bayan wata uku. Ta kuma ce waɗannan alƙaluma ba su raba mai haihuwa da marar haihuwa ba, akwai maza masu ƙasa da nawa da suka haihu, sai dai damar tana raguwa.

Da dare na miƙa wa maiɗakina takardar ba tare da na ce komai ba. Ta karanta, ta ninke ta, ta ce, "Maigida, ai ba a gama duba ni ba tukuna." Na daɗe ina juya wannan magana, domin na san irin kalaman da ta sha daga bakin mutane a shekara ukun nan, kuma da ta so ramawa, ranar ta samu.

3 ga Fabrairu

Rana ta biyu da zuwan al'adarta, an ɗebi jini domin auna sinadaran da ke tafiyar da fitar ƙwai, wato FSH da LH da istirojin, waɗanda ba a auna su sai a kwanakin farko na al'ada. An haɗa da gwajin maƙoƙo, da na sinadarin furolaktin mai sa ruwan nono, wanda idan ya yi yawa yakan hana ƙwai fita, da kuma AMH da ke nuna yawan ƙwan da ya rage a ma'ajiya. An yi mata sikanin ta gaba.

10 ga Fabrairu

Yau aka yi hoton hanyoyin ƙwai, wanda suke kira HSG. Ana yin sa ne bayan jini ya ɗauke kuma kafin lokacin fitar ƙwai, don kada a yi shi a kan ƙaramin ciki. Ana zura siririn bututu ta bakin mahaifa, a tura wani ruwa da ke bayyana a hoton ƙashi, a riƙa kallon yadda yake cika mahaifa ya bi ta hanyoyin nan biyu. An ba ta maganin ciwo awa ɗaya kafin a fara, duk da haka ta ce murɗar marar da ta ji ta fi ta al'ada nesa ba kusa ba, ko da yake ba ta wuce minti biyar ba. Ta fito tana dafa bango, gumi ya jiƙa mata goshi.

Daga baya likitan hoto ya kira mu ya nuna mana a allo. Mahaifar ta fito fari fat mai kusurwa uku, daga kowane gefe wani zare siriri ya miƙe yana lanƙwasa, a ƙarshensa ruwan ya watse kamar hayaƙi. Ya ɗora biro a wurin ya ce wannan watsewar ita ake nema, domin ita ke nuna hanya a buɗe take. Dama ta buɗe nan take, hagu ta ɗan yi jinkiri sannan ta saki. A ganina ya kamata a riƙa gaya wa mata gaskiyar zafin wannan gwaji tun kafin su hau gado, maimakon a ce musu ɗan tsunguli ne kawai za su ji.

24 ga Fabrairu

An haɗa sakamakonta duka. Maƙoƙo da furolaktin lafiya lau, AMH kuma ya yi sama sosai, sikanin ya nuna ƙananan jakunkunan ƙwai fiye da ashirin a kowane gefe, sun jeru a baki kamar dutsen wuya. Likitar ta ce wannan shi ne lalurar PCOS. Ana tabbatar da ita idan an samu biyu daga alamu uku, bisa ƙa'idar da masana suka amince da ita a birnin Rotadam a 2003: al'ada marar tsari, alamar yawan sinadarin maza a jini ko a fata, da irin wannan hoto na ma'ajiyar ƙwai. Maiɗakina tana da ta farko da ta uku. Abin da ke faruwa shi ne ƙwai yana nan da yawa, amma babu wanda yake girma ya nuna har ya fito a kowane wata.

Ke nan kowannenmu ya zo da nasa kason. Ban san ko daidai ne in faɗi haka ba, amma mun fito daga ofishin da sauƙin zuciya fiye da yadda muka shiga, wataƙila domin yanzu babu mai kallon ɗan uwansa da tausayi.

22 ga Afrilu

Gwajina na biyu ya nuna miliyan 10, wato babu wani canji, saboda haka aka tura ni wurin likitan mafitsara. Ya sa na tsaya a tsaye, ya ce in yi yunƙuri kamar mai nishi, ya taɓa gefen hagu ya ce jijiyoyin jini sun kumbura a saman maraina. Sikanin ya tabbatar. Sunan abin barikosil, kuma ya fi faruwa a hagu saboda yadda jijiyar wannan gefe take haɗuwa da ta ƙoda. Jinin da ke taruwa yana ƙara wa wurin ɗumi, alhali 'ya'yan maraina suna bukatar sanyi kaɗan ƙasa da na sauran jiki. Ya ce kimanin kashi 15 cikin ɗari na maza suna da shi, da yawa ba su sani ba kuma suna haihuwa.

Na tambaye shi ko allurar testostiron za ta taimaka, domin wani abokina ya ba ni shawarar haka. Ya ajiye biro ya ce in yi nesa da ita, saboda idan jiki ya ga sinadarin yana shigowa daga waje, ƙwaƙwalwa takan daina aika wa maraina umarni, har ƙwayoyin su iya ɗaukewa gaba ɗaya. Na gode wa Allah da na yi tambayar kafin in saya.

Zaɓi biyu ya ba ni, ko tiyatar ɗaure jijiyoyin a jira wata 3 zuwa 6 a ga ko za a samu ci gaba, ko a bar su a wuce kai tsaye zuwa dashen ƙwai, wato a haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a mayar mahaifa. Tun da shekarun maiɗakina ba su matsa mana ba, mun zaɓi tiyata.

13 ga Mayu

An yi tiyatar shekaranjiya, ƙaramin yanka ne a ƙasan mara, kuma an sallame ni a ranar. An hana ni ɗaukar kaya mai nauyi na 'yan makonni.

20 ga Agusta

Na daɗe ban rubuta komai ba, domin watannin nan uku maimaici ne kawai. Tun watan Yuni aka fara ba maiɗakina ƙwayar letrozol, miligiram 2.5 kullum daga rana ta uku zuwa ta bakwai na al'ada. Asalinsa maganin kansar mama ne, wannan ya tsorata ta da ta karanta takardar cikin kwali, sai da likita ta bayyana mata cewa yana rage istirojin na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwa kuma ta mayar da martani da ƙara sinadarin da ke raya ƙwai. Ta ce wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2014 ya nuna ya fi tsohon maganin kulomifin kai masu PCOS ga haihuwa. A wata na farko ƙwai bai girma ba, aka ƙara zuwa miligiram 5, a na biyu da na uku ya girma ya fita, kuma gwajin furojestiron, sinadarin da ke ƙaruwa a jini bayan ƙwai ya fita, ya tabbatar da hakan bayan mako guda.

Abin da babu wanda ya faɗa mana shi ne yadda kalanda take shiga tsakanin miji da mata. Ƙwai ba ya wuce awa 12 zuwa 24 bayan ya fita, maniyyi kuwa yana iya kai kwana biyar a jikin mace, don haka aka ba mu kwanakin da ba a so mu tsallake. Abin da a da sha'awa ke kawowa ya koma aikin da aka rubuta a takarda, har wata rana muka yi saɓani a kan abin da bai kai ya kawo ba, muka kwana kowa ya juya baya a daidai daren da likita ta ja wa layi.

Gwajina na bayan tiyata ya fito yau: miliyan 14, masu tafiya gaba kashi 29. An samu ci gaba, amma ciki bai samu ba.

2 ga Oktoba

Mun gwada zuba maniyyi a mahaifa, wato IUI. Da sikanin ya nuna jakar ƙwai ta kai milimita 19, aka yi mata allurar hCG da dare, wadda ke sa ƙwai ya fita bayan kamar awa 36. A ranar na ba da maniyyi, aka wanke shi aka ware masu kuzari, aka zura su cikin mahaifa da siririn bututu. Aikin bai kai minti goma ba, ta ce ko kusa da zafin HSG bai yi ba.

An ce mu jira kwana 14 kafin gwaji, mu kuwa muka kasa. A rana ta bakwai da asuba ta tashe ni, hannunta yana rawa, ta nuna mini tsinken gwajin fitsari da layi biyu, na biyun dishi-dishi amma yana nan. Muka zauna a bakin gado muna kallonsa, ta yi kuka, ni ma ban tsira ba. Da gari ya waye na kira asibitin, ma'aikaciyar jinya ta saurare ni har na gama, sannan a hankali ta ce sinadarin da ke cikin allurar da aka yi shi ne dai wanda tsinken yake nema, kuma yakan kai kwana goma ko fiye bai bar jiki ba. Kullum layin yana ƙara dusashewa, a rana ta goma sha ɗaya ya ɓace, a ta goma sha biyar jini ya zo. Sun faɗa mana kada mu yi gwaji da wuri, ba su dai faɗi dalili ba, kuma da mun san dalilin da ba mu jawo wa kanmu wannan mako ba.

6 ga Nuwamba

IUI na biyu ma bai kama ba. Wannan karon ba mu sayi tsinke ba.

27 ga Nuwamba

Mun yi doguwar ganawa a kan abin da ya rage. Likitar ta ce za a iya yin IUI na uku, amma da adadin ƙwayoyina bayan wanki damar ba ta da yawa, ta fi karkata ga IVF, wato a ciro ƙwai a haɗa shi da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a mayar da ɗan tayi mahaifa. Hanyar ba sabuwa ba ce, domin Louise Brown, wadda aka fara haifa ta haka, an haife ta a Ingila ranar 25 ga Yuli 1978, kuma Robert Edwards ya samu kyautar Nobel a kan aikin a 2010. Saboda matsalata za a yi amfani da dabarar ICSI, wadda aka fara samun haihuwa da ita a Beljiyam a 1992, inda ake ɗaukar ƙwayar maniyyi guda ɗaya da allura mai siririn baki a cusa ta cikin ƙwai.

Ta kuma gaya mana haɗarin ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Mai PCOS tana iya amsa allurai fiye da kima, ma'ajiyar ƙwai ta kumbura, ruwa ya taru a ciki, wani lokaci har a kwantar da mace. Don haka za ta fara da ƙaramin awo, kuma mai yiwuwa ta daskarar da duk 'yan tayin a jinkirta dashe. Na roƙi a saka biyu lokaci guda don a ƙara dama, ta ƙi, ta ce cikin tagwaye ya fi zuwa da haihuwar bakwaini da hawan jini, kuma guda ɗaya za ta saka. Da farko na ji haushi, ganin irin ɗawainiyar da abin zai ci, amma da na yi tunani na ga jikin da zai ɗauki haɗarin ba nawa ba ne.

Mun ɗauki mako biyu muna shawara. Maiɗakina ce ta yanke, ta ce gara a yi yanzu da ƙwanta yake da ƙuruciya.

21 ga Janairu

Kwana goma ana allura a fatar ciki kowane dare a lokaci ɗaya. Ni nake yi mata, kuma a daren farko sai da na ɗaga allurar sau uku ina fasawa, har ta ce, "Maigida, ba ni in yi da kaina." Daga rana ta shida aka ƙara ta biyu mai hana ƙwai fita kafin lokaci. Sau huɗu muka je sikanin ana auna jakunkunan ɗaya bayan ɗaya, zuwa ƙarshe cikinta ya cika tana tafiya a hankali.

An ciro ƙwai ranar 15 ga wata bayan an sa ta barci, aikin ya ɗauki kamar minti ashirin, aka samu 17. Daga nan adadin ya riƙa sauka kamar yadda aka gargaɗe mu: 13 ne suka nuna, washegari aka kira mu aka ce 9 sun haɗu, jiya kuma, rana ta biyar, 4 suka kai matakin da ake so. An daskarar da su a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Masanin ɗakin gwajin ya nuna mana hoton ɗaya, wani ɗan ƙwallo mai ɗigo-ɗigo a gefe da tarin ƙwayoyi a kusurwa guda, ya ce daga wannan tarin jariri yake samuwa, na gefen kuma su ne mabiyiya.

Nauyinta ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana uku, an ce ta riƙa shan ruwa tana auna kanta kullum, kuma idan numfashi ya yi mata wuya ko fitsari ya ragu mu garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.

11 ga Fabrairu

Kumburin ya sauka, sikanin jiya ya nuna ma'ajiyar ƙwai ta kusa komawa yadda take. Idan al'ada ta gaba ta zo za ta fara ƙwayar istirojin daga rana ta biyu, a duba kaurin shimfiɗar mahaifa bayan kwana goma zuwa sha biyu, kuma likita tana son ta kai aƙalla milimita 7 kafin a fara furojestiron. Bayan kwana biyar da fara shi za a narkar da ɗan tayi guda a dasa, sauran ukun su ci gaba da zama a daskare. Gwajin jini zai biyo baya da kwana goma, in Allah ya kai mu, kuma mun yi alkawari da ma'aikaciyar jinyar nan cewa tsinken fitsari ba zai shigo gidan ba kafin ranar.